Wa ke duba rufin kwano a ƙauye?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a taimaka muna da wanga batu. Cikin birnin Sakkwato in za ka yi gini sai ka kai filan an sa hannu, amma ƙauyukan Kware da Bodinga kowa kwanonai yake bugawa yadda ya ga dama, kafinta ya sa katako ɗanye ya rage ƙusa, iskar farkon damina na zuwa ta kwashe rufin ta jefa gidan maƙwabci, wani lokaci har da rauni. To dokar filaye ta 1978 ai ta ba ƙaramar hukuma ikon filayen karkara, mi zai hana ta riƙa turo mai duba rufi kafin a buga? Amma fa kar ya koma rasit da karɓar kuɗi, talaka bai da shi wallahi.

Naku,
Wani mai karatu daga Sakkwato