Mu cika wa yara aikin gida, ko mu koya musu?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman Turanci ne masu darasin yamma a Unguwar Rogo, Jos, muna shirya ɗaliban babbar sakandare don WAEC da NECO. Damuwarmu aikin gida ce. Iyaye na biyan kuɗi, suna son yaro ya koma gida da littafi cike da amsa, mu kuwa mun san cika littafi daban, iyawa daban.

Yawancin kurakuran nahawun da yaranmu ke yi ba daƙiƙanci ba ne, Hausa suke yi da kalmomin Turanci. "Ara min biro" sai ya zama "borrow me your biro", domin a wurinmu aro ɗaya ne, Bature kuwa ya raba: borrow na mai karɓa, lend na mai bayarwa. "Ina jin wari" ya koma "I am hearing smell". Ga kuma "did he went", inda yaro ya nuna shuɗaɗɗen lokaci sau biyu, alhali did kaɗai ta wadatar. Ita kuwa the, hanya mafi sauƙi ita ce a nuna masa bambancin "yaro" da "yaron", ko "mota" da "motar". Nan take za ka ga ido ya buɗe.

Idan muka soke kuskure da jan biro muka rubuta daidai, mako mai zuwa zai dawo da shi. Don haka mukan sa yaro ya karanta tambayar da ƙarfi, ya faɗa mana da Hausa abin da ake nema. Sai mu ja layi ƙarƙashin kuskurensa ba tare da mun gyara ba, shi zai gano, sannan ya ƙirƙiri jimla 5 nasa a kan ƙa'idar. Tambaya ɗaya takan ci minti 20. Darasin awa ɗaya da rabi ne, kuma kowa na son isa gida kafin magariba, balle lokacin sanyin nan na Jos. Yaron da aka ba tambaya 10 sai ya tafi da 4 kacal a gama.

Ba taurin kai ke sa mu haka ba. A WAEC ana son insha'i na kusan kalma 450, kuma cikin maki 50 an ware 10 don tsabtar rubutu, ana cire rabin maki a kowane kuskure. Kuskure 20 ya cinye kason ke nan. A sashen taƙaitawa ma, wanda ya kwafe jimlar marubuci yadda take asarar maki yake yi.

Adabi ya fi ba mu aiki. A tambayi yaro yadda marubuci ya fito da jigo, sai ya kama ba da labari tun daga farko har ƙarshe, bai taɓa tambayar ba. Abin da ake so shi ne ya faɗi ra'ayi, ya kawo hujja daga littafin, ya bayyana alaƙarsu. Simile da metaphor da ke rikita su, kamantawa da siffantawa ne da suka sani a darasin Hausa: "jarumi kamar zaki" da "jarumin zaki ne". Da yawa ba su karanta littafin ba, sun dogara da 'yan ƙasidun taƙaitawa da ake sayarwa a kasuwar Terminus, ko amsar da suka kwafo daga waya, mai daɗin Turanci, wadda ba za su iya bayyana kalma uku a cikinta ba.

Malam, ta yaya za mu fahimtar da mahaifin da ya ga tambaya 6 babu amsa ya ce kuɗinsa sun tafi a banza, ba tare da ya cire ɗansa ya kai wurin masu cika littafi ba? Wasu iyayen kuma sun ce kada mu ƙara yi wa 'ya'yansu bayani da Hausa, wai Turanci suka biya. Mu bi su, ko mu tara su mu nuna musu yadda muke yi?

Allah ya ƙara basira.

Naku,
Malaman darasin yamma, Unguwar Rogo, Jos