Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Nazarin Bairos

Assalamu alaikum 'yan uwa, ga rahoton bana.

Zaman wata-wata duk an yi su, ban da na lokacin jarrabawa.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne taron ƙara wa juna sani kan yadda liƙa fosfet a jikin furotin na bairos ke juya akalar hayayyafarsa. Wallahi zaure ya cika har wasu a tsaye suka saurara, malamin da muka gayyato kuma bai tsaya kewaye-kewaye ba, ya zana furotin VP30 na bairos ɗin Ebola a allo ya nuna in babu fosfet a jikinsa shi ke tada aikin kwafo mRNA (saƙon da ake bi a ƙera furotin), da zarar an ɗora masa fosfet sai aikin ya tsaya, sannan furotin NP na bairos ɗin ke janyo enzayim PP2A na cikin tantanin ɗan Adam ya zo ya cire fosfet ɗin, wato da kayan aikin jikinmu bairos ke cin amanarmu. Daga nan aka gangara kan bairos ɗin CMV (cytomegalovirus) mai nasa enzayim ɗin liƙa fosfet, UL97. Wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa ba a haɗa magungunan CMV guda biyu, maribavir da ganciclovir, amsar kuwa ta burge kowa: sai UL97 ya liƙa wa ganciclovir fosfet na farko kafin ya yi aiki, shi kuma maribavir, da Amurka ta amince da shi a 2021, UL97 ɗin yake toshewa, kun ga ɗaya ya kashe wa ɗaya kasuwa kenan. Har bakin ƙofa ana ta muhawara bayan an tashi.

Toh maganar ɗan littafin da muka yi alkawari kan furotin N na SARS-CoV-2 (bairos ɗin COVID-19) da furotin NS5A na bairos ɗin ciwon hanta nau'in C, masu cewa shugabanni sun yi barci dan Allah ku ji tsoron Allah. Babin N a rubuce yake tuni, wanda ya karɓi na NS5A ne ya daina ɗaga waya, kuma ko ya kawo da me za a buga? Kuɗin wata mafi yawanku ba ku biya ba, na tuna muku a WhatsApp har na fara jin kunya, ana karantawa a yi gum, amma ranar rabon satifiket kowa ya san hanya.

Jerin masu bashi zai fito kafin zama na gaba, kuma a nemo wani ya karɓi littafin kuɗi, ni dai ba zan zarce ba.