Wasiƙa zuwa ga Nura kan gudun asuba

Assalamu alaikum Nura,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ƙanwarka ce ta nuna min hoton da kake ɗorawa a status na gudun da kake yi bayan sallar asuba. Motsa jiki dai babu laifi, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da ya dame ni layin nan ne mai ruwan lemo da Strava, manhajar wayar da ke auna gudunka, ke zanawa a kan taswira. Na bi shi da yatsa, ya tashi daga ƙofar gidanka a Hotoro, ya zaga ta Race Course, ya dawo ya tsaya a ƙofar. Ni da ban iya waya ba sai da na gane layinku, har kwanar mai shayi. Ga lokacin fita da na dawowa a rubuce. Duk wanda ya bi ka na mako biyu ya san sa'ar da Maryam da yara suke su kaɗai.

Kada ka ce tsoron tsofaffi ne. A 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya gano sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya ta taswirar manhajar nan, saboda sojojin na gudu da ita a kunne. Su da ke da bindiga ke nan.

Manhajar tana da wurin ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ka kunna shi. Sai dai kada ka saki jiki da shi, domin in layukanka kullum suna ɓacewa a kewayen wuri guda, mai wayo zai san gidan yana tsakiya. Ka fita da ƙafa tukuna, sai ka hau babban titi ka danna farawa, a nan kuma za ka kashe in ka dawo. Ka mayar da shafin sai wanda ka amince da shi zai gani, ka kori duk fuskar da ba ka sani ba. Tsofaffin taswirorin gudunka ma ka rufe su, su ne suka fi tona asiri. In dole sai ka yi status, ka yanke taswirar, ka bar kilomitocin tunda su ne abin alfaharin.

Ka riƙa sauya hanya, ka san masu ƙwacen waya ba sa makara.

Hajiya tana gaishe ku, ta ce a kawo mata yara ranar Juma'a.

Babanka,
daga Gwammaja