Zuwa ga ɗana a Yamai

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu nan Tawa lafiya lau, sai ƙurar hunturu da ta sa Innarka tari. Ƙafata ta yi sauƙi. Na ɗauki biro ne don in na kira ka a salula "to Baba, to Baba" kawai nake samu, kuɗin kira su ƙare ban faɗi abin da ke raina ba.

Ɗan Gwaggonka ya iso ranar Laraba. Kada ka yi fushi da shi, ni na tsare shi da tambaya. Ya ce kwana uku ya yi ɗakinku a Harobanda, bai ga ka kwanta kafin ƙarfe biyu na dare ba: ko kana fada ana shayi kun sa allon darar Turawa a tsakiya, ko kana buga ta a salula da mutanen Indiya da Rasha. Ya ce bango duk takardu ne ka liƙa, wannan Ingilishi, wannan Larabci, wannan Rashanci, ga kuma wasu zane-zane kamar sawun kaji da ka ce masa Sinanci ne.

Shekara 31 na yi riƙe da alli, ba ni zan hana ɗa neman harshe ba. Ingilishi dole ne, mu da muke da Ƙonni a bakin iyaka mun sani, kuma tun 2025 shi da Faransanci ne harsunan aiki na ƙasa. (A takardar dokar da ta tsara hakan ce aka ce Hausa ce harshen ƙasa. Na yi dariya ni kaɗai, na tuna yaran da na hora a lakkwal don sun yi Hausa cikin aji. Haka aka umarce mu, haka muka yi, Allah ya yafe mana.) Larabci kuwa da shi kake salla, da ma tun allo ka faro. Amma Rashanci baƙaƙe 33 ne da sai ka koya daga farko kamar ɗan aji ɗaya, Sinanci kuma ba shi da baƙaƙe irin namu, alamomi ne dubbai da ake haddacewa ɗaya bayan ɗaya. Ka ce mini muryoyinsa huɗu ba su ba ka wuya ba, tunda Bahaushe ya saba hawa da saukar murya. Na yarda. To lokacin fa, daga ina kake yanko shi? Taura biyu ba ta taunuwa, kai ka cusa huɗu a baki, ga dara ta biyar, ga karatun shari'a da muka tura ka yi, wanda bara sai da ka sake zaman jarrabawa biyu. Ba mu gaya wa kowa ba.

Darar kanta ba na ganin baƙinta kamar yadda Kawunka yake gani. Shi ya ce Imamu Malik ya ƙi ta, kuma gaskiya ne, yana cikin Muwaɗɗa. Na ce masa wasu malamai sun sassauta in babu kuɗi a ciki kuma ba ta sa a bar salla. Ka rantse mini ba a sa ko dala, na karɓa. Ni ma na buga tamu ta ƙasa, gurbi talatin, ɗiya goma sha biyu kowane gefe, har Kakarka ta riƙa aiko yara su kira ni cin tuwo. Na san yadda take cin yini mutum bai sani ba. Abin da zan ce kawai, a rediyo na ji tun 1997 cewa kwamfuta ta doke Kasparov, gwanin duniya na lokacin. Abin da ƙarfe ya riga ya fi ɗan Adam, a kansa za ka ƙarar da idonka?

Amma duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Ɗan Gwaggonka ya ce ya ga fasfo a ƙarƙashin matashinka. Sabo.

Da hutun damina ka shimfiɗa allon nan a zaure kana koya mini. Gida 64, ɗiya 16 kowane gefe. Ka ɗaga wanda ke tafiya a karkace, ka ce Faransawa mahaukaci suke ce masa, Larabawa da Rashawa giwa, Turawan Ingila kuma limamin coci. Ka yi ta murna, ni ma na ji daɗi a raina, na ce yaron nan kansa na ja. Sai ka zo kan ƙananan nan guda takwas na sahun gaba. Ka ce su gaba kawai suke yi, ba sa komawa baya ko taki ɗaya, in ɗaya ya kai ƙarshen allo sai ya zama sarauniya ko doki, ba ya sake zama abin da yake a da. Kai kana bayani, ni gabana na faɗuwa. Ban ce komai ba ranar, na ce maka rana ta yi, mu tashi.

Babana, harsunan nan karatu ne ko guzuri? Ka gaya mini gaskiya. Yayanka ma haka ya fara, da ɗan littafin Larabcin Libiya a aljihu, yana ce mana don kasuwa ne. Ranar da ya hau motar Agadas bai yi sallama da Innarka ba. Damina ta shida ke nan. Har yau in salula ta yi ƙara da lambar waje hannunta rawa yake yi, kuma har yau ba ta bari a taɓa akwatinsa. Kai kana ƙarami, amma ba ka yi ƙanƙantar da za ka manta ba.

Na san abin da kuke faɗa a bayana, kai da ƴan uwanka mata: wai faɗana ne ya kore shi. Na yi faɗa, ban musa ba. Uban da zai ga ɗansa ya bar lakkwal saura wata huɗu jarrabawa ya yi shiru, a nuna mini shi. Da na san daren nan ne na ƙarshe da na sassauta harshe, amma wa ya sani? Mu Adarawa ba a koya mana tafiya, kakanka Abijan ya yi cin rani shekara da shekaru, sai dai shi hadari na haɗuwa yana gida da hauyarsa. Kai kuma da na ɗauka ka ga abin da gidan nan ya gani, sai ka je ka yi fasfo a ɓoye, da kuɗin da na sayar da ragunan Innarka na aiko maka na haya da abinci. Ba ka ji kunya ba? Ita ta hana kanta sabon zane Salla biyu, kai kana can kana koyon yadda ake cewa sannu a Mosko. In kana ganin ka yi girman da za ka yanke shawara kai kaɗai, sai ka yi girman da za ka zo ka faɗe ta a gabana.

Na ajiye biro na yi sallar la'asar, na dawo. Na karanta abin da ke sama, na so in yage, sai na bar shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mai yiwuwa fasfon na neman gurbin karatu ne, mai yiwuwa Sinancin don aikin matatar mai ta Damagaram kake yi, ka zauna ƙasarka. In haka ne me ya hana ka faɗa? Abokan karatuna sun je Tarayyar Sobiyet da kuɗin gwamnati, sun dawo likitoci da injiniyoyi. Tafiyar da aka yi da takarda da albarkar iyaye ba ita nake tsoro ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka ajiye Rashanci ko Sinanci, ɗaya daga ciki, har ka karɓi lisans ɗinka. Dara ka bar ta ranar Asabar da Lahadi, da rana. Fasfon kuma ka zo da shi Innarka ta gani da idonta, don ban gaya mata ba tukuna, kuma ba zan iya riƙe maganar fiye da Salla ba.

Ta ba direba cuku da kilishi da jaka goma, ka je tasha ranar Juma'a da safe ka karɓa. In za ka zo ka taho da allon. Tafiyar dokin nan har yanzu ban gane ta ba, kuma wancan karon da gangan ka bar ni na ci, na sani.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka