Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Zuwa ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya shugaba, iyayenmu na kwamitin dattawa, da sauran ƴan uwa mambobi maza da mata, ina gaishe ku. Rahoton nan na aikin ƙungiyarmu na tallafa wa matan da aka ci wa zarafi ya kamata ya iso gare ku tun ƙarshen watan Disamba, amma ni da ma'ajiya muka jinkirta rufe littafin kuɗi domin jiran waɗanda suka yi alkawarin kawo nasu kafin shekara ta fita, kuma mafi yawansu har yau ba su kawo ba.

Kuɗin wata dala ɗari ne, kamar yadda babban taro ya tsayar kowa na zaune, kuma ba a ƙara ko dala ɗaya a kai ba duk da tsadar da ake ciki. Duk da haka fiye da rabin sunayen da ke cikin littafi ba su cika wata shida ba, akwai ma waɗanda rabon da a ga kuɗinsu tun kafin azumi. Na taka Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari, na yi sallama a ƙofofin da na san masu gida suna ciki, aka aiko yaro ya ce mini ba sa nan, kuma akwai ranar da kuɗin kabu-kabun da na fitar daga jakata ya fi abin da na karɓo. Na rubuta wannan ne domin a zaman da ya wuce an tambaye mu da kakkausar murya ina kuɗin ƙungiya suke tafiya. Suna tafiya ne wajen biyan takardar likita ga matar da aka raunata, da abin hawa zuwa kwamishariya da kotu, da kwafin takardu, da kuɗin waya, kuma kowane rasit yana nan liƙe a littafi ga mai son dubawa. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, waɗanda ba su taɓa tsallake wata ba su ne iyayenmu masu tuyar ƙosai da masu ƙuli-ƙuli a Kasuwar Dole, alhali daga cikin masu ɗaukar albashi ne bashi ya fi taruwa.

Zaman wata-wata an yi shi, in ban da na watan Agusta da ruwa da aikin gona suka hana.

Babban aikinmu na bana, kamar na bara, shi ne littafin bibiya. Duk matar da ta zo mana muna rubuta ranar da ta zo, da ƙofar da ta fara ƙwanƙwasawa, da abin da aka ce mata, sannan mu riƙa komawa muna tambayar ina aka kwana har maganar ta kai ƙarshe. Ina tunatar da mu dalilin wannan wahala. Ƙasarmu Nijar ba ta da doka ta musamman a kan cin zarafi cikin gida, kuma kundin dokar iyali da aka sha yunƙurin kafawa bai taɓa tabbata ba, amma dokar hukunta laifuka ta hana duka da raunata mutum, kuma ba ta cire miji daga ciki ba. Dokar shekarar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sulhu a harkokin al'ada da rikicin haƙƙi tsakanin mutane, irin su aure da gado da gona, ba ta ba su ikon kashe maganar laifi ba. Tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi ne mata suke faɗawa, domin da zarar an ji cewa miji ne, sai a ce magana ce ta cikin gida, a koma wajen mai unguwa, shi kuma ya ce a yi haƙuri, dangi su zo biko, a mayar da ita ɗakin da aka fasa mata kai.

Ɗaya daga cikinsu ba za ta fita daga raina ba. Bayan sallar isha'i ta shigo gidan Hajiya shugaba cikin zafin bazara, da goyo a baya, ta rufe ido ɗaya da gefen ɗankwali, takalminta ƙafa ɗaya. Washegari muka raka ta wani ofishin ƴan sanda, wanda muka tarar ya dube ta ya ce ai harshe da haƙori ma suna saɓawa, sai da muka nace kafin aka buɗe rajista aka ba ta takardar zuwa wajen likita. A asibitin aka faɗi kuɗin sartifika, asusun ƙungiya kuwa a lokacin babu abin da ya kai haka, ma'ajiya ta cire daga jarinta ta biya, kuma har yanzu ba a mayar mata ba. Bayan sati biyu kawunnan matar suka zo suka tafi da ita, suka ce ta janye ƙara don rufin asirin gida. Mun so mu ci gaba da leƙa ta, amma mu uku ne ke wannan yawo, ga wasu matan na jira, sai muka rasa sawunta. Wannan ne abin da nake nufi duk lokacin da na ce rashin biyan kuɗi da rashin fitowa aiki suna da sakamako a jikin mutum.

Daga irin wannan takaici ne shawarar zaman tambaya da amsa ta fito, kuma alhamdu lillahi shi ne abin da za mu iya ɗaga kai da shi a bana. Mun yi shi cikin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, waɗanda ake farawa ranar 25 ga Nuwamba a rufe ranar 10 ga Disamba. Wata biyu muka yi muna kai wasiƙu ofishi-ofishi, wasu sau uku muka koma, kuma da yawa daga cikinmu sun ce ba wanda zai zo ya zauna mata su yi masa tambaya a bainar jama'a. Sun zo. An samu jami'in ƴan sanda daga sashen kare yara da mata, da jandarma, da alƙali ɗaya, da lauya, da ungozomar asibiti, da masu unguwanni, da malamai biyu. Tun da hantsi harabar makarantar da aka ara mana ta cika, kujerun haya suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa, maza kuma suka jeru a jikin katanga, cikinsu har da samarin fada, wato majalisar hira ta matasa, da ba mu gayyata ba amma suka zauna har aka tashi.

Sharaɗin da muka kafa tun a wasiƙa shi ne babu dogon jawabi, kuma da Hausa za a yi magana, tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muka ɗauko labarai daga littafin bibiya, muka cire suna da unguwa, muka riƙa karantawa ɗaya bayan ɗaya, bayan kowanne mu juya ga wanda abin ya shafa mu ce to, ranka ya daɗe, a nan wajen wa aka yi sake? Da farko fuskoki sun ɗaure, har Hajiya shugaba ta tashi ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya sauya zaman shi ne wata tsohuwa daga cikin iyayenmu da ta dafa sandarta ta miƙe ba tare da an ba ta dama ba, ta dubi jami'in ta ce: "Ɗana, in ƴarka ce ta zo maka cikin dare da ido a kumbure, gida za ka mayar da ita ko rubutawa za ka yi?" Wurin ya yi tsit, ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa, ya ce: "Inna, rubutawa zan yi." Daga nan aka saki jiki, mata suka riƙa ɗaga hannu har lokacin azahar ya wuce.

An ƙaru ƙwarai a ranar, mu kanmu masu shiryawa mun ƙaru. Alƙalin ya bayyana cewa janye ƙara ba ya hana mai gabatar da ƙara na gwamnati ci gaba da maganar rauni, abin da da mun sani sosai a bazara da ba mu saki takardar matar nan ba. Lauyan ya yi bayanin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar shekarar 2011 domin taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, ya ce matan da aka ci wa zarafi da masu neman kuɗin ciyarwa ko riƙon yara suna cikin waɗanda dokar ta ba wa wannan taimako, kuma na ga mata suna duban juna domin ba su taɓa jin sunanta ba. Malaman kuwa sun toshe ƙofar da aka saba fakewa da ita: ɗaya ya kawo hadisin da ke cewa mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa, da shaidar Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba, ɗayan kuma ya tunatar cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi alƙali yana iya raba aure saboda cutarwa. Kafin a tashi muka karanta wa baƙin abin da kowanne ya ɗauka da bakinsa, wato za a rubuta kowane ƙorafi a rajista, za a fara duba mai rauni kafin maganar kuɗi, masu unguwanni kuma za su tura duk abin da ya kai ga jini zuwa hukuma. Godiya ta musamman ga ƴan uwan da suka yi girki da kuɗinsu, da matasan da suka ɗauki kujeru suka mayar.

Mun gwada alkawarin cikin watan Disamba. A wani ofishi an karɓi matar da muka raka nan take, aka rubuta, aka ba ta lamba, a wani kuma aka so sallamarta da haƙuri, domin wanda ke kan aiki ranar bai ji abin da aka faɗa a zamanmu ba. Sai an riƙa komawa da takardar a hannu, kuma masu komawar ne ba mu da su.

Game da ɗakin saukar matan da suka gudo cikin dare, wanda aka yi ta tambayata, ba mu yi watsi da shi ba. Mun samu ɗaki, mai gidan ya nemi kuɗin wata uku gaba ɗaya, muka roƙi sati biyu, muka aika saƙo ga kowa, abin da ya shigo bai kai na wata ɗaya ba, ya ba wani. Har yanzu gidan Hajiya shugaba ne masauki, kuma an taɓa zuwa cikin dare ana buga mata ƙofa da zagi, ita da ƴaƴanta a ciki. Takardar da ke nuna wa mace matakan da za ta bi an gama rubuta ta da boko, na ajami ne ya tsaya saboda wanda ya ɗauki aikin ya yi tafiya, kuɗin bugawa kuma babu. Ziyarar Mirya da Matamaye ba ta yiwu ba saboda kuɗin mai. Haka kuma shirin zama da magidanta, wanda muka so mu ɗora a kan tsarin makarantun mazaje da aka fara a nan jihar Damagaram da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da yawan jama'a, kafin ya bazu, ya tsaya ne domin ƴan uwanmu maza da suka ce su ne za su ja shi sau ɗaya suka haɗu. Masu cewa biro, wato kwamitin gudanarwa, bai yi ƙoƙari ba su dubi waɗannan dalilai da adalci. Su kuma sani cewa hukumomi sun tsananta wajen neman rahoton kuɗi da na ayyuka daga ƙungiyoyi, kuma mu da muke tuhumar ofisoshi da rashin tsayar da rajista ba zai yiwu mu kai littafi mai ramuka ba.

Ranar 13 ga Mayu, ranar mata ta ƙasa, kusan kowa ya fito cikin sabuwar atamfa, har da fuskokin da ban ƙara gani ba sai a hoton da aka tura WhatsApp. Ranar nan ta samo asali ne daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 domin a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya Taron Ƙasa, da ƙafa suka nema, kuma yana yi mini ciwo mu riƙe bikin mu bar tafiyar. Kuɗin atamfa da ɗinki sun fi kuɗin wata na shekara guda. Na san akwai masu lalura ta gaskiya, masu jinya da masu kwana a bakin famfo suna jiran ruwa, kuma ba da su nake ba. Ina magana ne da wanda ke da lafiya da lokaci, ya karanta kiran neman mai rakiya, ya yi shiru, sannan ya zo taro yana tambayar me aka yi.

Saboda haka biro zai gabatar wa babban taro mai zuwa shawara biyu: a yi aiki da dokar ƙungiya a kan wanda bashi ya taru masa ba tare da uzuri ba, a kuma raba ranakun rakiya ta yadda kowane mamba zai ɗauki rana ɗaya a wata. Kafin nan, bashin ma'ajiya ne farkon abin da za a biya daga duk kuɗin da ya shigo. Littafi yana rumfarta kowace Alhamis daga safe zuwa la'asar. Matar da aka ba wa lamba a Disamba an kira ta kotu, danginta sun ce ba za su je ba, kuma muna buƙatar mutum biyu da za su zauna kusa da ita a ranar. Mai iyawa ya ba ni sunansa kafin Alhamis.

Wassalamu alaikum.

Sakatariyar ƙungiya, Damagaram