Barista ta ce na tona sirrin ofis, Gwaggo kuma ta daina amsa gaisuwata

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Ranar Litinin Barista, lauyar ofishin da nake koyon aiki, ta karɓe fayil ɗin wata mata daga hannuna a gaban masinja, ta ce kada in sake taɓa shi, wai ni ban san amana ba. Tun ranar ban iya cin abincin kirki ba.

Ni ɗalibar shari'a ce, aji huɗu, a nan Gombe. A dogon hutu na samu gurbin koyon aiki a ofishin wata ƙungiya mai zaman kanta da ke taimaka wa baƙi da waɗanda aka koro daga ƙasashen waje, kyauta. Ba a biyana ko sisi, kuɗin Keke ma daga aljihuna. Ni ce mai ɗaukar bayani, ni ce tafinta, don Barista ba ta jin Fulatanci, Hausarta ma sama-sama ce. Ni nake zama da 'yan Nijar ina yi musu bayanin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba da damar zaman kwana 90 babu biza, da ruɗanin da suka shiga bayan ƙasarsu ta fice a Janairun 2025. Ni nake bin layi a ofishin shige da fice cikin rana. Duk wannan Barista ba ta gani ba.

Wata baiwar Allah ce ta zo, an koro ta daga Saudiyya. Da bizar Umara aka kai ta, aka miƙa ta aikatau, aka riƙe fasfonta, aka ce albashinta na biyan bashin jirgi ne. Anti, gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala, wato ɗaure ma'aikaci baƙo ga ubangidansa, a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, balle ita da ko takardar zama ba ta da ita. Daga ƙarshe ta gudu, aka kama ta, ta yi zaman tarhil, wato jiran kora, a gidan tsare baƙi na Shumaisi. Ta nuna min hannayenta, tafin duk ya tsattsage saboda ruwan wanke banɗaki, ko biro ba ta iya riƙewa, sai dangwale ta yi. Da na tambaye ta wa ya kai ta, sai ta kwance bakin mayafinta ta fito da 'yar takarda da lambar waya. Lambar Gwaggona ce, ƙanwar Babanmu. Na haddace ta tun ina sakandare.

Gwaggo ce ke biyan kuɗin makarantata tun rasuwar Baba. Mu dai mun san ta da sayar da abaya da turare da zinare. Amma ita ma ba ta da sauƙi, kullum gori, a gaban mutane take lissafa abin da ta kashe min.

Wallahi ban gaya wa Gwaggo komai ba. Umma kawai na tambaya da daddare, ko ta san Gwaggo na kai mata aikatau, ban ma ambaci sunan matar ba. Wace 'ya ce za ta ga irin wannan ta kasa tambayar mahaifiyarta? Kuma Barista ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga abin da zan yi idan shari'a ta shafi dangina ba. Sai tsawa. Ta ce an je gidan matar da buhun shinkafa da kuɗi, yanzu ba ta ɗaga waya, kuma da ma ana shirin kai maganar ga hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, a ƙarƙashin dokar hana safarar mutane ta 2015. Wa ya ce ni ce sila? Mutum nawa ne ke shiga ofishin nan?

Na manta ban ce miki ba, Gwaggo ta zo gidanmu ta ce da Umma ta raini maciji, wai ita taimakon matan ƙauye take yi, su suke roƙonta. Umma tana ta kuka, ta ce in je in durƙusa in ba ta haƙuri kafin a koma makaranta. Barista kuma na san ba za ta ba ni takardar shaidar kammala aikin ba, ga shi ina buƙatarta.

Hannayen matar nan ba sa barina barci. Kuma 'yar maƙwabtanmu, wadda ba ta wuce shekara 17 ba, an riga an yi mata fasfo, Gwaggo za ta tafi da ita Umarar azumi. Uwarta murna take yi, har ɗinki ta yi mata.

Anti, in je in ba Gwaggo haƙuri kamar yadda Umma ta ce? Ko Barista zan fara samu, ko da za ta sake wulaƙanta ni? Idan kuma na je na gaya wa uwar yarinyar nan abin da na gani, shi ma tona sirrin ofis ne? Don Allah ki amsa min a shirin wannan makon.

Taki,
Ɗaliba daga Gombe