A Daina Haɗiyar Bizirul Kattan Ɗungurungum

Malam Edita,

Muna jan hankalin masu sayen bizirul kattan, wato ƙwayar tsiron da ake kira flax da Turanci, a kasuwannin Gombe. Ɓawonsa tauri gare shi, in ba a niƙa ba yadda ya shiga haka yake fita. A daka a busasshen turmi, wanda zai isa kwana 3 kacal, domin garin yana da mai, zafin watan Afrilu kuwa nan da nan yake lalata shi. A adana garin a kwalba mai murfi, a inuwa, ko firji in akwai wuta. Da ya yi ɗaci ko warin fenti, a zubar.

A fara da ƙaramin cokali 1 a koko ko fura, sannu a hankali a kai babban cokali 1 zuwa 2 a rana. A bi da ruwa sosai, in ba haka ba ciki ya kumbura, bahaya ta ɗaure. Masu juna biyu da masu shan maganin tsinka jini su fara tuntuɓar likita.

Wasu masana abinci,
Gombe